Likita Denis Burkitt (1911–1993): Mai Ido Ɗaya Da Taswirarsa

Duk ɗalibinmu da Allah ya nufa ya shiga makarantar koyon aikin likita ko ta jinya, a Kano ne ko Zariya ko Jos, ba zai gama ba sai ya ci karo da sunan Burkitt. A littattafan likitoci sunan wata irin sankara ce ta yara, wadda takan kumbura muƙamuƙi da ciki. A ƙasashen Turai ba a cika ganinta ba, amma a yankunan Afirka masu zafi da ruwa tana cikin sankarorin da suka fi kama yara. Kafin ya zama sunan cuta kuwa, sunan mutum ne, likitan fiɗa, mai bin Almasihu, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a ƙasar Yuganda. Mun ga ya kamata mu kawo tarihinsa a nan domin dalili biyu. Na fari, hanyar da ya bi ya gano wannan cuta abin koyi ce ga kowane ɗalibi. Na biyu, cutar tana iya shiga kowane gida a ƙasar Gumel, saninta da wuri kuwa yakan ceci ran yaro.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Denis Parsons Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gadoji na gundumarsu. Sa'ad da ya tashi daga aiki, abin da yake sha'awa shi ne kallon tsuntsaye. Yakan kama wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ya sa wa kowanne zobe a ƙafa yadda zai iya bambanta shi da sauran, sa'an nan ya zana a takarda iyakar filin da kowane tsuntsu yake tsaro. Masana tsuntsaye har yanzu suna lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan dabara. Yaron ya tashi yana ganin mahaifinsa da fensir da taswira, a gidan da ake karanta Littafi Mai Tsarki ana addu'a kowace rana.

Yana ɗan shekara 11, cikin wata rigima ta yara a makaranta, aka yi jifa, dutse ya same shi a idon dama. Likitoci suka kasa ceton idon, aka cire, aka sa masa na gilashi. Da ido ɗaya ya yi sauran kwanakinsa duka.

A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke birnin Dablin domin ya karanta aikin injiniya kamar mahaifinsa. Karatun bai karɓe shi ba, har malaminsa ya rubuta wa mahaifin cewa yana shakkar ko yaron zai kai ƙarshe. A wannan lokaci ne ya shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu bi da ke taruwa don nazarin Maganar Allah. Can ya miƙa ransa ga Ubangiji, ya kuma tabbata a zuciyarsa cewa aikin likita ne kiransa. Ya sauya fanni, ya gama a 1935 yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. A 1938 ya ci jarrabawar ƙwararrun likitocin fiɗa ta birnin Edinbara.

Hanyar Afirka

Burinsa shi ne ya yi aiki a inda likitoci suka yi ƙaranci. Ya nemi Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila ya aike shi Afirka, aka ƙi shi. Dalilin da aka fi kawowa shi ne mai ido ɗaya ba zai iya fiɗa yadda ya kamata ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, rundunar likitocin soja ta karɓe shi a 1941 da idon nan ɗaya, aka tura shi Kenya da Somaliya, daga baya kuma tsibirin Silon. A 1943 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Olive Rogers, Allah ya ba su 'ya'ya mata uku. Bayan yaƙi ya sake nema. Wannan karo babu sauran hujjar ƙinsa, gama ya riga ya yi shekaru yana fiɗa a Afirka. A 1946 ya sauka Yuganda.

Aka fara kai shi Lira, a gundumar Lango, wani ɗan asibiti da jama'a wajen rubu'in miliyan suka dogara da shi. A nan halin mahaifinsa ya fara bayyana a jikinsa. Ya lura masu gwaiwa suna zuwa da yawa, sai ya riƙa rubuta ƙauyen kowane ɗaya. Da ya duba lissafin, ya ga galibinsu daga gabashin gundumar suke, 'yan kaɗan ne daga yamma. Ya yi zaton wata tsutsa ce da sauro ke yaɗawa take kawo wannan bambanci, bincike na baya kuwa ya gaskata shi. A 1948 aka mai da shi Asibitin Mulago a Kampala. Ban da fiɗa, ya damu ƙwarai da waɗanda aka yanke wa ƙafa da waɗanda shan inna ya naƙasa, har ya kafa wurin ƙera musu ƙafafun roba da ƙarafan tafiya masu araha.

Yara biyu masu kumburin muƙamuƙi

A 1957 abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar. Muƙamuƙin yaron ya kumbura a wuri huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu, haƙoransa suna girgiɗi. Sankara takan fara a wuri ɗaya ne sa'an nan ta bazu, don haka abin ya ɗaure wa Burkitt kai. Ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani. Ba a daɗe ba yaron ya rasu. Bayan 'yan makonni, yana ziyarar aiki a asibitin Jinja, sai ya hangi wani yaro da irin wannan fuska. Ya duba shi, ya tarar har da ƙari a cikinsa.

Likitoci da yawa sun ga irin waɗannan yara kafin shi. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya koma ɗakin ajiyar takardun asibiti ya zauna yana tono. Ya tarar a dā ana ba kowane ƙari suna bisa ga inda ya fito: na ido a ce sankarar ido, na ƙoda a ce sankarar ƙoda, na muƙamuƙi a ce ta ƙashi. Shi kuwa ya ga yaran da ke da kumburin muƙamuƙi su ne kuma ake samu da ƙari a ƙoda, da hanta, da mahaifar ƙwai ta 'yan mata. Sai ya yanke cewa cuta ɗaya ce mai fitowa a wurare dabam-dabam. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Kusan babu wanda ya kula da rubutun. Amma a Kampala masana binciken tsoka biyu, Greg O'Conor da Jack Davies, suka sa ƙarin a ƙarƙashin madubin likita, suka tabbatar limfoma ce, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke cikin kaluluwa. Da Burkitt da O'Conor suka sake bugawa a wata mujalla ta Amurka a 1961, duniya ta waiwayo.

Doguwar tafiya

Tambayar da ta dame shi yanzu ita ce, a ina cutar take, a ina kuma babu ita? Da tallafin da bai wuce fam 25 ba, ya buga takardu masu hotunan yaran, wajen dubu, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina a Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya kafa allura a kan taswirar da ya manna a bango. Sannu a hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga gabas zuwa yamma, da wata jela da ta gangara ta gabar gabas zuwa Mozambik.

Bai tsaya ga wasiƙa ba. A watan Oktoba na 1961 ya tashi daga Kampala da abokansa biyu, dukansu likitocin mishan: Ted Williams na asibitin Kuluva a arewa maso yammacin Yuganda, wanda ya iya gyaran mota, da Cliff Nelson, mutumin Kanada mai aiki a Tanganyika. Cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka yi mako goma, suka ci mil dubu goma, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Ko'ina suka sauka sai su nuna hotuna, su buɗe littattafan asibiti, su tambayi ƙauyen da kowane yaro ya fito.

Ga abin da suka samo. Kusa da tsakiyar duniya, ba a ganin cutar a tudun da ya wuce ƙafa 5,000. Da suka ƙara yin kudu, iyakar ta sauko zuwa ƙafa 3,000, can gaba kuma zuwa 1,000. Wani masanin ƙwari a Entebbe, Alexander Haddow, ya duba taswirar ya nuna cewa sanyi ne ke yanke iyakar: duk inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin santigired, cutar takan ɓace. Sa'an nan Burkitt ya juyo Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Gana. A kudancin Nijeriya cutar ta yi yawa, amma a kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, kaɗan ake gani. Haka kuma a kewayen Akara, inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Ashe ban da zafi sai da ruwa, aƙalla inci 20 a shekara, wato wajen milimita 500. Zafi da ruwa kuwa su ne abincin sauro. Daga nan aka fara zaton wani ƙwaro mai cizo ne yake ɗauke da abin da ke haddasa cutar. A 1963, a wani taron masana a birnin Faris, aka amince a riƙa kiran ƙarin da sunan Burkitt.

Abin da madubi ya nuna

A nan ya kamata 'yan ajin kimiyya su ƙara kasa kunne. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da ake kira limfosait, su ne dakarun tsaron jiki. Suna zaune a kaluluwa, da saifa, da ɓargo, da bangon hanji. Iri biyu ne manya, na B da na T. Na B su ke ƙera makaman da ke kama ƙwayoyin cuta, na T kuwa cikin ayyukansu har da kashe duk ƙwayar jiki da ta lalace. Sa'ad da Burkitt ya fara aikinsa ba a ma san wannan rabo ba. Sai a tsakiyar shekarun 1960 aka tabbatar da shi, ta hanyar bincike a jikin kaji. Daga baya aka gane limfomar Burkitt daga ƙwayoyin B take tasowa.

In an yanki ɗan ƙarin, aka rina shi, aka sa a madubi, za a ga ƙwayoyi matsakaita, duk kamarsu ɗaya, sun cunkushe kamar gero a mudu, sun sha rini sun yi shuɗi mai duhu. Cikin jikin kowace akwai 'yan ɗigon kitse. Likita Dennis Wright, wanda shi ma ya yi aiki a Kampala, shi ya fayyace kamannin nan dalla-dalla. Tsakanin duhun nan kuma akwai farare-fararen wurare a warwatse. Waɗannan manyan ƙwayoyi ne masu aikin shara, suna haɗiye gawarwakin ƙwayoyin sankara da suka mutu. Duhu da ɗigon haske tare sukan ba da kamannin sararin sama da taurari a daren rani, da wannan suna kuwa likitoci suke kiran alamar a ko'ina cikin duniya. Alamar tana nuna abu biyu: ƙwayoyin suna haihuwa da gaggawa, suna kuma mutuwa da yawa. Kusan kowace ƙwaya cikin ƙarin tana kan rabuwa biyu, har ƙarin kan ninka girmansa cikin sa'a 24 zuwa 48. Babu wata sankara ta ɗan adam da aka sani ta fi ta saurin girma.

Me ke kawo wannan gaggawa? Kowace ƙwayar jikinmu tana da kuromosom 46, biyu-biyu har 23, a kansu ne aka rubuta umarnin gado. A kan na 8 akwai wani umarni mai suna MYC, wanda ke ce wa ƙwaya ta girma ta rabu. A jiki mai lafiya akan kunna shi ɗan lokaci a kashe. A kan na 14 kuwa akwai umarnin ƙera makaman tsaro, wanda a ƙwayar B kullum a kunne yake. A cikin kaluluwa akwai wasu 'yan wurare kamar sansanin horo, inda ƙwayar B take yanka tana gyara umarnin makamanta da gangan domin su dace da abokin gaba. Wani lokaci garin wannan yanka da ɗinki sai a yi kuskure, guntun kuromosom na 8 ya yanke ya manne a jikin na 14. MYC ya koma zama kusa da makunnin da ba a kashewa. Ƙwayar ta zama kamar motar da totur ya maƙale mata. Manolov da Manolova ne suka fara lura da tsawon da ya ƙaru a kuromosom na 14 a 1972. A 1976 Lore Zech da abokan aikinta suka nuna daga na 8 guntun ya fito, a 1982 kuma aka gane MYC ne a kansa. Wajen kashi 80 cikin ɗari na masu cutar wannan musaya ce gare su, sauran kuwa tsakanin na 8 ne da na 2 ko na 22.

Yau ana raba cutar gida uku. Akwai ta yankin zazzaɓi, wadda Burkitt ya gani, mai kama yara musamman 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, maza sun ninka mata, ta fi son muƙamuƙi da kwarmin ido da ciki. Akwai ta jefi-jefi da ake samu ko'ina a duniya, wadda ta fi fitowa a hanji. Akwai kuma wadda ke bin masu raunin garkuwar jiki, kamar masu cutar ƙanjamau.

Bairos da sauro

Ran 22 ga Maris, 1961, Burkitt ya yi lacca a Asibitin Middlesex a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai bincike, Anthony Epstein, wanda ke nazarin bairos masu sa wa kaji sankara. Da ya ji cutar tana bin zafi da ruwa, ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da guntayen ƙari ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana nema bai ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya hana jirgin Kampala sauka a Landan, aka karkatar da shi zuwa Manchesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi. Mai gaggawa da ya zubar, yana cewa ya ruɓe. Epstein ya ɗiga a madubi, ya tarar ƙwayoyin sankara ne da rai, jijjigar tafiya ta kakkaɓe su suna yawo cikin ruwan. Shi da Yvonne Barr suka raine su, tare da Bert Achong kuma suka duba su da madubi mai aiki da lantarki, suka ga bairos da ba a taɓa sani ba. Suka buga labarin a mujallar Lancet a watan Maris na 1964. Shi ne bairos na Epstein da Barr, na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan adam. Nijeriya ma tana da hannu a wannan fage: a 1963, a Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya raini ƙwayoyin wannan ƙari daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, har yau kuwa ana amfani da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya.

Sai wata matsala ta taso. Bincike ya nuna bairos ɗin ba sauro ke ɗauke da shi ba, ta yawu yake yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutane a duniya kuma suna da shi ba tare da wata illa ba. To, me ya sa cutar take bin taswirar sauro? Burkitt bai nace wa zatonsa na fari ba. Ya koma ga shawarar da wani masani, Gilbert Dalldorf, ya kawo, cewa zazzaɓin cizon sauro ne abokin aikin bairos ɗin. Taswirar ta goyi bayan haka, gama a tsibirin Zanzibar da birnin Kinshasa, inda aka yi yaƙi da sauro sosai a lokacin, cutar ta yi ƙaranci ko da yake akwai zafi da ruwa. Abin da masana suka fahimta yanzu shi ne, zazzaɓin da ke kama yaro a kai a kai yakan tilasta wa ƙwayoyin B yawan haihuwa da yawan yanka da ɗinki, ya kuma raunana ƙwayoyin T masu tsare bairos ɗin. Ƙwayar da MYC ya haukata, bisa ga ƙa'ida kamata ya yi ta kashe kanta, amma bairos ɗin yakan taimake ta ta tsira. A Afirka kusan kowane ƙari na irin wannan ana samun bairos ɗin a cikinsa.

Magani

Wuƙar likita ba ta da amfani sosai ga cutar da ke fitowa wuri da yawa a lokaci guda, na'urar gashi da haske kuwa babu ita a Yuganda a zamanin. Burkitt ya roƙi kamfanonin magani su ba shi magungunan sankara kyauta. Daga wajen 1960 ya fara gwada metotireksat, sa'an nan saikulofosfamaid. Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Fuskar da ta kumbura har yaro ba ya iya rufe baki takan saɓe cikin 'yan makonni, wasu yaran kuma suka warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. Saurin girman ƙarin shi ne rauninsa, domin magungunan nan ƙwayar da ke kan rabuwa suke kashewa. Peter Clifford a Nairobi da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru mai fiɗa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, su ma suka sami irin wannan nasara. A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kampala, wadda ta zama Cibiyar Sankara ta Yuganda. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka. A ƙasashe masu wadata yau wajen yara tara cikin goma suna warkewa. A Afirka adadin bai kai haka ba ko kusa, saboda zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da barin jinya a tsakiya.

Aiki na biyu: dusa

A 1966 Burkitt ya koma Ingila yana aiki da Hukumar Binciken Lafiya. Yana da shekara 55, da suna a duniya, da ya so sai ya huta. A maimakon haka ya ɗauki wata tambaya. A shekara ashirin na fiɗa a Yuganda, da wuya ya ga sankarar babban hanji, ko ciwon afendis, ko tsakuwar matsarmama, alhali asibitocin Ingila cike suke da su. Wani likitan sojan ruwa, Peter Cleave, ya nuna masa cewa abincin da aka tace ƙwarai, kamar farin fulawa da sukari, shi ne tushen matsalar. Burkitt ya fi mai da hankali ga abin da ake zubarwa wajen tacewar, wato dusa da ɓawo. Ya sake komawa ga wasiƙu zuwa asibitocin mishan, har ya kai ga auna bayan gidan mutane. Ya tarar na mutumin ƙauye a Afirka yakan kai giram 400 ko fiye a rana, na Bature kuwa bai fi giram ɗari da 'yan kai ba, abinci kuma yakan ninka daɗewa a cikin Bature. Shi da tsohon abokinsa Trowell, wanda a lokacin ya zama limamin ikilisiyar Angilika, suka fitar da littafi a kan haka a 1975, ya kuma rubuta wani domin talakawa a 1979. Bincike na baya ya rage wasu daga cikin abubuwan da ya ɗora wa rashin dusa, amma ya tabbatar cewa cin hatsi da ɓawonsa, da wake, da ganye, yana rage haɗarin sankarar hanji da ciwon sukari da ciwon zuciya. A laccocinsa yakan nuna zanen mutum biyu suna ta goge ruwa a daɓe, famfo kuwa yana ta zuba ba wanda ya rufe, domin ya koya wa likitoci cewa hana cuta ya fi jinyarta.

Ƙarshen kwanakinsa

An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila a 1972, ya sami lambobi masu yawa, ya kuma shugabanci ƙungiyar likitoci masu bi ta Birtaniya. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa bai taɓa ɗaukar kansa babban masani ba, yakan mai da yabo ga abokan aikinsa da likitocin ƙauye da suka amsa wasiƙunsa, fiye da kome kuma ga Allah. Ya rasu ran 23 ga Maris, 1993, a Gloucester, bayan shanyewar jiki, yana da shekara 82. An binne shi a ƙauyen Bisley inda ya yi zaman tsufansa.

Abin da ya shafe mu

Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar suna bakin iyakar arewa ta ɗamarar Burkitt, gama damunarmu gajeriya ce. Amma kowa ya san yadda zazzaɓi yake kwantar da yara daga Agusta zuwa Oktoba, likitocin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya kuwa suna karɓar yara masu wannan limfoma. Saboda haka muna roƙon iyaye da ɗalibai su riƙe waɗannan alamu: kumburin muƙamuƙi ko kunci mai ƙaruwa kowace rana, sau da yawa ba zafi, haƙoran yaro su yi girgiɗi ba lokacin famfara ba, ido ya turo waje, ciki ya kumbura da tauri, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya. Hangum yakan saɓe cikin mako ɗaya ko biyu, wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Kada a cire haƙori, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a tsaya neman wanda ya yi wa yaro sammu. Cutar ba a ɗaukarta daga mai ita. A kai yaro Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa, in an tura Kano a tafi a ranar, gama ƙarin da ke ninkuwa cikin kwana biyu ba ya jiran a sayar da riɗi ko a ci kasuwar Maigatari ta Alhamis. In an fara magani kumburi ya saɓe, a ci gaba har likita ya ce an gama, domin barinsa a tsakiya ne yake sa cutar ta dawo da ƙarfi. A nan ikilisiya da zumuntar mata suna da aiki, na kuɗin mota da abinci da zama da mai jinya, ko yaron na wane gida ne.

Gidan sauro kowane dare, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damuna, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, su ne rufe famfon da ke hannunmu. Haka kuma kada mu rena tuwon gero da dawa, da wake, da zogale, da miyar kuka, mu musanya su duka da farin burodi da lemon kwalba.

Ku kuma ɗalibai, ku dubi kayan aikin mutumin nan: ido ɗaya, da kyamara, da littafin rubutu, da taswira, da kan sarki na aika wasiƙa. Kusan dukansu akwai irinsu a makarantarmu. An ce ba zai gama karatu ba, an ce ba zai iya fiɗa ba, rubutunsa na fari kuma ba wanda ya kula da shi. Ya ci gaba da duba abin da ke gabansa, yana ƙirgawa, yana rubutawa, yana tambayar waɗanda suka fi shi sani. Addu'armu ita ce Ubangiji ya ta da irinsa daga cikinku, waɗanda za su koma asibitocin ƙasar Gumel su yi wa yaranmu hidima.